Dalmar Gidan Haruna

Ban taɓa mantawa da ranar da aka ajiye mini wata 'yar kula shuɗiya a kan tebur ba, aka ce mini ran wata yarinya da zaman mahaifinta a gari duk suna cikinta. Da na buɗe, ƙanƙara ce, sai 'yar kwalba ɗaya mai jinin da bai cika rabin cokalin shayi ba.

Ku da kuka fara aiki da mu kwanan nan kun same ni ina shirin ajiye aiki, amma a lokacin ni ce babbar jami'a mai kula da ɗakin gwajin ƙasa da duwatsu na sashenmu, muƙamin da takardar aiki ke kira cif teknolojis. Ga wanda bai san tsarin jami'a ba, malamai su ne masu tambaya, su ke bincike su rubuta. Mu kuma na'urori ne a hannunmu: tsabtarsu, wutarsu, iskar gas ɗinsu, da tabbatar da cewa abin da suka faɗa gaskiya ne. Babu sakamakon da ke fita daga ɗakin nan sai na sa hannu, sannan Farfesa, shugaban sashe, ya sa nasa.

Babbar na'urarmu aikinta auna aisotof. Bari in sauƙaƙa. Dalma a ido duk iri ɗaya ce, amma a cikinta akwai ƙwayoyi da wasu suka ɗan fi wasu nauyi, kuma kowane ramin da aka haƙo ta yana da nasa haɗin. Kamar yadda mutum zai buɗe baki ka gane Basakkwace ne ko Bakano, haka na'urar ke gane daga inda dalma ta fito.

Kowa a nan ya san abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum tun daga shekarar dubu biyu da goma. Mutane sun sami zinari a duwatsu, suka riƙa kawo dutsen cikin gida ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin hatsi, ba wanda ya san akwai dalma a ciki. Ƙurar ta shiga abinci, ta shiga ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Ƙauyuka irin su Sunke sun binne yara har mutane suka daina ƙirga. Ni 'yar Gummi ce, labarin bai zo mini ta rediyo kaɗai ba. Daga baya aka bi gida gida ana kankare gurɓatacciyar ƙasa ana zuba sabuwa, aka buɗe sashen jinyar yara a Anka, masu gari kuma suka kafa doka: kada wanda ya ƙara shigo da dutse cikin gari.

'Yan shekaru bayan wannan ne, cikin damina, kular ta iso. Wanda ya kawo ta likita ne daga sashen jinyar na Anka, Dakta Murtala. Muka zauna a ofishin Farfesa ya yi mana bayani.

Yarinyar sunanta Balki, ba ta cika shekara uku ba, daga wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum da ba zan faɗi sunansa ba. An gyara ƙauyen, yaran da aka yi wa magani duk dalmar jikinsu tana sauka, ban da ita. A ba ta magani ta sauka, a sallame ta, a dawo da ita tana farfaɗiya. Wannan ne kwanciyarta ta uku.

"Maganin nan mai ƙarfi ne," in ji shi. "Ba zan yi ta ɗura mata ba alhali abin da ke kashe ta yana jiran ta a gida. In na sake sallamar ta ban san inda yake ba, ina tsoron ba za a dawo mini da ita da rai ba."

Mutanen gari kuwa sun riga sun yanke hukunci. Mahaifinta, Haruna, baƙo ne, mutumin ƙasar Bauci da haƙar zinari ta kawo, ya yi aure ya zauna. Kowa ya ce shi ke satar hanya yana shigo da dutse. Mai gari ya ce zai jira abin da masu ilimi za su faɗa, in ta tabbata, Haruna ya bar musu gari, matarsa da 'yarsa su zauna wurin danginsu. Haruna da kansa ya yarda a kawo jinin.

Farfesa ya dube ni. "Hajiya, za mu iya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, jini shi kaɗai ba zai faɗa mana komai ba. Sai mun sami abin da za mu gwada shi da shi. Dutsen ramin da yake aiki, ƙurar ɗakinsu, ruwansu, hatsinsu. Kuma ni zan je in ɗebo, tunda namiji ba zai shiga cikin gida ba."

Na sa jinin a firij na kulle, na bi Dakta. Daga Anka mota ba ta ƙarasawa ƙauyen da damina, sai kabu-kabu. An gargaɗe mu mu fito kafin la'asar, don a lokacin hanyar ta fara lalacewa da 'yan bindiga. Ina bayan babur na rungume jakar kayan aiki, ɗan kabu-kabu yana kutsawa cikin taɓo, gero a dama da hagu ya fi mu tsawo, ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka iso shi. Addu'ar da na sani babu wadda ban karanta ba.

Muka fara da zauren mai gari, dattijo mai sanyin magana. Ya ce, "Hajiya, mu ba mu son zalunci. Amma kin san ɗiya nawa munka binne garin ga. Mun yi alkawali bisa kabarinsu. In shi na, sai shi bar muna gari."

Haruna yana tsugune a gefe, dogo, siriri, hannayensa duk kanta. Muka fito tare da shi. A ƙofar gidansa ya tsaya ya ce, "Hajiya, ki duba ko'ina, har ƙarƙashin gado. A bakin rami nake wanka, a can nake tuɓe kayan aiki in bar su. 'Yata ce fa. Ni zan kashe ta?"

Matarsa Hassi da surukarsa suna asibiti wurin yarinyar, maƙwabciya ce ta shiga da ni. Na bi ƙa'ida: sabuwar safar hannu ga kowane samfuri, kowanne da ledarsa da lambarsa. Na share ƙurar daɓe, na kankari bango, na ɗebi ruwan randa, garin dawa, tokar murhu, na goge cikin turmi da tabarmar yarinyar. Daga nan muka je bakin rami na karɓi dutse daga hannun masu haƙa. Suna kallona, wani ya ce da ƙarfi don in ji, "Wahala kawai taka yi, kowa ya san mai abin."

Da na koma jami'a, na fara da abin da nake koya wa kowannenku ranar farko: kafin ka auna samfuri, auna fanko. Fanko kwalba ce da ba a sa komai a ciki ba sai tataccen ruwa da asid, ta bi duk hanyar da samfuri zai bi. In na'ura ta ga dalma a cikinta, to ɗakinka ne ke da datti.

Fankon ya fito da dalma. Ba kaɗan ba.

Na canza kwalba, na canza asid, na sake. Ya fito da dalma, kuma adadin bai yi daidai da na farko ba. Ga dutsen rami wannan ba komai ba ne, dalmarsa ta yi yawan da 'yar ƙura ba za ta canza shi ba. Amma jinin ɗan mitsitsi ne. Ƙura kaɗan ta faɗa masa, sai ya nuna wata hanya daban, mu wanke mai laifi ko mu kori marar laifi, yarinya kuma ta koma inda ta fito.

Ga wata damuwar. Na'urar ba ta aiki sai da iskar argon, wadda ake kawo mana cikin manyan tukwanen ƙarfe daga Kudu. Tukunya ɗaya ta rage mana, mai kawowa kuma kullum aka kira shi sai ya ce mota tana hanya. Duk fankon da na auna, iskar da zan auna jinin Balki da ita nake ƙonawa.

Farfesa ya same ni a bakin ƙofar ɗakin. Ya ce Dakta yana ta kiransa tun safe har ya rasa abin da zai ce masa. "Hajiya, ba za a cire na fankon daga lissafi ba?"

"Ranka ya daɗe, in kaɗan ne kuma bai canzawa, ana cirewa. Wannan yau wani abu, gobe wani. Ba zan buɗe jinin nan a ɗakin nan ba."

Ya shafa gemu. "Na sani. Na tambaya ne don in ji daga bakinki. To daga ina yake shigowa?"

Ni da ma'aikatana muka bi komai ɗaya bayan ɗaya: na'urar tace ruwa, bututun na'ura, safar hannu, har sabulun wanke kwalabe. Babu. Ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa. In ina salla sai in tsinci kaina ina lissafa abin da ban duba ba, in yi istigfari in sake niyya.

Cikin kwanakin nan Haruna ya kira ni da wayar wani, daga Anka, don ƙauyensu babu sabis. Muryarsa ta dushe. Ya ce abokan aikinsa sun hana shi shiga rami, in ya yi sallama a masallaci ba mai ɗaga kai, jiya kuma samari sun zo ƙofar gidansa suna tambayar yaushe zai tafi.

"Hajiya, an ce inji ne zai faɗi gaskiya. Me ya hana shi faɗa?"

Na ce masa injin yana buƙatar tsabta, muna kan gyara. Ni kaina na ji yadda maganar ta yi rauni. Ya ce, "To, Allah ya sa in kai lokacin," ya kashe.

Washegari da hantsi na fita bayan gini in duba janareto, sai na ji ana kankara. Masu fenti ne a kan tsani. Ana shirin zuwan baƙi masu duba sassan jami'a, aka ba da aikin gyara gine-gine, suna kankare tsohon fenti mai kauri daga tagogin ƙarfe, ƙurarsa tana tashi fari fat, daidai bakin da na'urar sanyaya ɗakinmu ke zuƙar iska. Tsohon fenti irin wannan da dalma ake haɗa shi. Na tsaya ina kallon ƙurar tana shiga, ban san lokacin da na ce, "Innalillahi," da ƙarfi ba, har ɗaya daga cikinsu ya kusa faɗowa.

Ba laifinsu ba ne, aikin da aka sa su suke yi, ni kuma ba ni da ikon tsayar da su. Farfesa ne ya ɗauki hularsa ya nufi ofishin masu kula da gine-gine. Ban san abin da ya faɗa musu ba, amma kafin azahar an sauke tsani. Muka kashe na'urar sanyaya, muka canza matatarta, muka liƙe tagogi da leda, muka wanke ɗakin tun daga silin har ƙasa, kwalabe kuma muka jiƙa su cikin asid. Ƙa'ida ta ce a jira ƙura ta kwanta kafin a sake gwaji. Wannan jiran ya fi aikin wahala.

Da fanko ya fito tsaf, na sake wani don in tabbata, shi ma tsaf. Na dubi allurar tukunyar gas, ta wuce rabi zuwa ƙasa. Na yi bismilla na fito da jinin, na raba shi biyu, na mayar da rabi firij.

Sakamakon na'urar nan ɗigo-ɗigo yake fitowa a kan allo, kowane samfuri da wurin da yake zama. Dutsen rami ya zauna a kusurwa ɗaya. 'Yar dalmar da ta rage a ƙurar gidan, wadda ba ta kai ta cutar ba, ta zauna kusa da shi. Ruwa da gari da toka babu abin kirki a cikinsu. Jinin Balki kuwa ya tafi can nesa, inda babu komai kusa da shi.

Ban yi saurin murna ba. Tunanina na farko, na'ura ta sake yaudarata. Muna da wani samfuri da aka san amsarsa tun daga inda aka haɗa shi, da shi muke gwada lafiyar na'ura. Na auna shi, ya fito daidai. Na fito da sauran jinin na ƙarshe, na san in ya ƙare babu wani, na auna. Ya sake zama a wuri ɗaya.

Farfesa ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Haruna ya fita. Amma yarinyar ba ta fita ba. Wani abu yana shiga jikinta wanda ba ki ɗebo ba."

Muka kira Dakta muka faɗa masa ya shaida wa mai gari ba dutsen rami ba ne. Ya ce zai faɗa, amma ba za su yarda ba sai an nuna musu mene ne. Ya ƙara da cewa zagayen maganin ya kusa ƙarewa, gadaje kuma sun cika. Na haɗa jakata na sake kama hanyar Anka.

Wannan karon asibiti na nufa. Na ce a bar ni in zauna da Balki da masu jinyarta kawai, in ga yadda yarinyar ke wuni. Hassi yarinya ce ƙarama, ta rame, ba ta iya haɗa ido da mutum. Mahaifiyarta, wadda kowa a ɗakin ke kira Inna, ita ce mai ƙarfin halin. Tana jin harshena ta ce, "Ke ɗiyar wa ta a Gummi?" Na faɗa mata unguwarmu, ashe ta taɓa zuwa biki can. Nan take ta jawo mini tabarma.

Na tambaye su komai. Me Balki ke ci, wa ke ba ta, da wane kwano, ko tana cin ƙasa, ko ana ba ta jiƙo ko rubutu. Duk abin da suka ambata na ɗebi kaɗan, amma zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba. Na kwana gidan wata 'yar uwata a cikin gari, da sassafe na dawo.

Na tarar Inna ta yi wa Balki wanka, ta ɗora ta a cinya tana shafa mata mai. Yarinyar tana da manyan idanu, ba ta magana, sai dai ta bi mutum da kallo. Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan tandu na fata, ta lakato kwalli ta zizara mata a ido, sama da ƙasa, mai kauri, har da gira. Balki ta yamutsa fuska, ta murtsuke idon da bayan hannu, sannan ta sa yatsun a baki.

Kwalli abu ne da ke kowane ɗaki, ni kaina da shi a idona a wannan safiyar. Ba ni ba, ba Dakta ba, ba Farfesa ba, babu wanda ya kawo shi a rai, duk da mun san a littafi cewa wani kwallin dutsen dalma ne tsantsa.

Na daidaita muryata na ce, "Inna, kwallin nan mai kyau ne. Ina kike samu?"

Ta yi murmushi. "Dutsi nai nika saye wurin wani mai koli da ka zuwa cin kasuwa, in niƙa abina da kaina. Na gwangwani ba shi da ƙarfi. Tun da ciwon ga yaf fara juya mata ido nika ƙara mata, safe da marece, don idon shi tsaya."

Na roƙe ta ta ba ni kaɗan, da guntun dutsen in tana da shi, kuma ta dakata da sa mata har in dawo. Murmushin ya ɓace. Ta dube ni sosai, ta ce, "Mi kika nufi, ɗiyata?"

"Ban sani ba tukuna, Inna. In na sani ke zan fara faɗa wa."

Ta miƙo mini. Na ja Dakta gefe na ce ya sa ido, kuma kada maganar ta fita.

Ranar da na auna kwallin, allurar gas tana kan jan layi. Na yi fanko ɗaya, na yi samfurin gwaji ɗaya, don ko me ake ciki ba a tsallake su. Sannan na sa kwallin, na tsaya ina kallon allura da allo bi da bi, ina roƙon Allah kada wutar na'urar ta mutu a tsakiya. Ɗigon ya fito ya zauna dab da na jinin, can nesa da rami. Jinin yana tsakanin ramin da kwallin, amma ya jingina da kwallin sosai, abin da ke nuna ragowar tsohuwar dalmar rami ce kaɗan a jikinta, sabuwar kuwa daga tandu take. Ba a daɗe ba na'urar ta yi ƙara ta tsaya, iska ta ƙare.

Na sa hannu, Farfesa ya sa nasa. Ya ce tare za mu je. A mota ya ce mini, "Mun cire dutse daga kan mutum ɗaya, kada mu ɗora shi kan tsohuwa." Muka shirya cewa shi da Dakta za su yi wa mai gari bayani a kan kwallin kasuwa gaba ɗaya, ni kuma in fara ganin Inna.

Na same ta a bayan ɗakin jinya tana wanki. Na tsuguna kusa da ita, Hassi tana tsaye. Ban yi dogon zance ba, na faɗa mata. Ta bar hannunta cikin ruwan kumfa, ba ta motsa ba.

"Ni ta ke nan," ta ce a hankali. "Da hannuna."

"Inna, ba ke kika sa dalma cikin dutsen ba. Da irinsa Innata ta raine ni. Ido ba ya bambanta mai dalma da marar dalma, mu ma sai da inji."

"Anka tsane ma bawan Allah, anka hana mai abinci nai, ni kuma ina zaune ina zaginai cikin raina." Sai a nan hawaye ya zubo mata. Hassi ta durƙusa ta riƙe ta, suka yi kukansu, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Na ce mata ba za a ambaci sunanta a zaure ba. Ta goge fuska da bakin zane ta ce, "A'a. In ba a ce ni ta ba, matan garin ga ba su bari. Cewa za su yi zancen 'yan boko na. Ni za ni faɗa musu."

Haka kuwa aka yi, muka tafi ƙauyen tare da ita. Maza suna zauren mai gari suna jin Farfesa, ita ta tara mata a cikin gida, ta ajiye tandunta a tsakiyar tabarma ta ba su labari da bakinta. Na ga mata suna kwance bakin zane ɗaya bayan ɗaya. Na koma jami'a da leda cike da kwalli, kowanne da sunan mai shi. Da gas ya iso muka auna su, tare da wasu da muka saya a kasuwannin Anka da Gummi da Adabka. Wasu akwai dalma, wasu babu, muka mayar wa kowace mace da amsarta.

Mai gari ya ba Haruna haƙuri a gaban jama'a, ya koma raminsa. Wasu maƙwabtan sun je har gida, wasu har yau ba su je ba. An sallami Balki, dalmar ta sauka ba ta ƙara hawa ba. Ta rayu, amma ta yi jinkirin magana, kuma Dakta ya ce akwai abin da ciwon ya riga ya taɓa wanda ba zai dawo ba. Ba na ɓoye muku wannan, don kada ku ɗauka aikinmu yana gyara komai.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a ɗakin nan lambobi muke gani, amma kowace lamba gidan wani za ta sauka. Shi ya sa ba a gaggawa ko da ana kuka a waya, kuma shi ya sa ba a ɓata lokaci ko da babu mai kallo. Sannan in amsa ta fito, aiki bai ƙare ba, saura yadda za a faɗe ta da wanda zai ɗauke ta.

Ranar da za mu bar ƙauyen bayan taron nan na mata, Inna ta rako ni har bakin hanya. Na hau babur ke nan ta riƙe mini hannu ta ce, "To ɗiyata, kin amshe man wanga. Gobe in na koma asibiti na yi mata wanka, mi zan sa mata?"

Na ce ta wanke mata hannu da sabulu kafin ta ci abinci, ta tofa mata addu'a. Ta jinjina kai, ta ce, "Wannan na iya." Ta sake ni, muka kama hanya tun rana ba ta karkata ba.